Garken Gida: Yadda Rayuwar Ruga Take a Ƙasar Kafin Hausa

Kiwon shanu a ƙasar Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja ta Jihar Jigawa, sana'ar iyali ce. Ba a san shi da fili mai shingen waya irin na Amurka ko Ajantina ba. Abin da aka sani shi ne ruga: bukkokin gida guda, da garke a gefensu, da makiyaya a daji wadda kowa ke da rabo a cikinta. Mafi yawan masu rugagen Fulani ne, da yawansu sun daɗe da zama wuri ɗaya suna noman gero da dawa. Abin da ya zaunar da su a yankin shi ne ruwa, domin kogin Kafin Hausa, wanda reshe ne na kogin Haɗeja, yana barin fadamu masu danshi bayan an ɗauke ruwan sama.

Wanda ya hango garke yakan ɗauka duk shanun maigida ne. Ba haka abin yake ba. Maigida shi ke jan ragama, amma a ciki akwai saniyar matarsa ta sadaki, da wadda ta zo da ita daga gidansu, da karsanar da aka ba yaro tun ranar suna, har da shanun attajiran gari da aka kawo amana. Duk abin da saniya ta haifa na mai ita ne. Ta haka yaro kan tashi da 'yan shanunsa, ranar da ya yi aure ya ware su ya kafa nasa garken. Saboda wannan ne sayar da saniya ɗaya kan zama maganar gida gaba ɗaya, kuma wanda ya zargi makiyayi da rowa don ya ƙi sayarwa, sau da yawa bai san cewa ba tasa ba ce.

Aiki yana farawa bayan sallar asuba. 'Yan maruƙa sukan kwana ɗaure a dangwali, nesa da iyayensu. Sai a kwance ɗaya ya kama nono har ya zubo, a janye shi, a tatsa a ƙwarya, sannan a bar masa saura. Farar saniya, wato bunaji, wadda ta fi yawa a yankin, ba ta cika ba da fiye da lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, kuma mai hankali ba ya tatse ta ƙarƙaf, don maraƙin da ya rasa nono ba ya kai bazara da ƙwari. Akwai kuma jajaye masu dogon ƙaho, rahaji, waɗanda suka fi jure tafiya. Da hantsi samari su kora garke da sanda da goran ruwa, ba su dawowa sai rana ta yi sanyi. Kowace saniya tana da suna, yawanci daga launinta ko ƙahonta, kuma tana amsa kiran mai ita.

Nono kuwa hakkin mata ne. Ana raba wa kowace mace shanun da za a tatsar mata. Ita ke kwantar da madara ta zama kindirmo, ta kaɗa ta fitar da mai, ta kirɓa fura, ta ɗora ƙore a ka zuwa cikin gari ko kasuwar ƙauye irin ta Bulangu. Kuɗin nata ne, da su take sayen gishiri, manja, sabulu da kayan ɗakin 'yarta. A gidaje da yawa wannan cinikin ne ke riƙe da tukunya kullum, sayar da saniya kuwa sai babbar lalura, kamar aure, asibiti ko sayen hatsi. Idan ta kama a sayar, bijimai da tsofaffin shanu ake fitarwa, wani lokaci har kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar.

Shekarar makiyayi tana bin ta manomi. Da damina ciyawa ta wadata amma gonaki sun rufe ƙasa, sai a bi burtali da taka-tsantsan, a nisanci fadama saboda ambaliya da ƙudaje da ciwon hanta. Da kaka, bayan an kwashe amfani, shanu su shiga gonaki su ci kara da harawa. A nan ne tsohuwar al'adar musaya take: manomi ya gayyaci garke ya kwana a gonarsa don taki, ya ba da hatsi ko wurin zama. Bazara ita ce jarrabawa. Ana sayen dusa, ana kakkaɓo 'ya'yan gawo, ana jan ruwa a rijiya, wasu samarin kuma su tafi mashekari a kudu da mafi yawan shanun, a bar masu tatsa a gida.

Akwai al'adar taimakon juna inda mai hali ke ba ɗan'uwan da ya yi asara aron karsana, ya riƙe ta har ta haifa masa 'ya'ya, sannan ya mayar da uwar. Zakka ma tana hawa kan garke da zarar ya kai shanu 30. Arɗo ne ke sasanta tsakanin rugage, shi ne kuma bakinsu a gaban dagaci da hakimi.

Abubuwa da dama sun canza. An soke jangali a 1975. Bushiya, wadda ta yi wa garkunan Arewa ɓarna a 1983, an tabbatar da kawar da ita daga duniya a 2011, ko da yake ciwon huhu da ɓauru suna nan. An kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya a 1989. Babbar damuwa a yau ita ce ƙasa: madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun sauya yadda kogi ke malala, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, noman rani na shinkafa da alkama ya shiga fadamun da shanu ke ci, karan da ake bari kyauta a da yanzu kuɗi ne. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma burtalai da yawa sun ƙuntata, kuma mafi yawan ƙarar da ke zuwa gaban arɗo da dagaci a ƙarshen damina ta ɓarnar gona ce.