Amsoshin Wasiƙunku: Tsutsar Da Ke Cin Zuciyar Masara

Wani mai sauraronmu daga Dambatta ya aiko da wasiƙa yana cewa ya yi wa masararsa feshi har sau 3 amma tsutsa ba ta daina ci ba. Shin maganin ne jabu?

To Malam, mai yiwuwa ne, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Amma galibi makara ce. Wannan tsutsa baƙuwa ce, ba irin wadda muka sani mai huda kara ba. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma a farkon 2016 masana na cibiyar IITA da ke Ibadan suka fara ganinta a Nijeriya. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, yana zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri ɗaya a jikin ganye. Idan tsutsar ta girma sai ta shige can cikin zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa, ta toshe bakin da kashinta mai kama da dusa. To ina feshi zai same ta?

Saboda haka tun masara na da mako 2 a riƙa zagaya gona, sau biyu a mako, da sassafe. Ka ga ƙwai, murƙushe su. Ka ga ganye ya yi tabo fari-fari kamar an kankare shi, tsutsar tana ƙarama ke nan, lokacin kashe ta ya yi. Manoma da yawa na barbaɗa toka da yashi a cikin zuciyar, wasu kuma su daka 'ya'yan darbejiya su jiƙa su kwana, su tace su zuba. A ƙaramar gona, ga yara a gida, wannan yana rage ɓarna ba tare da an kashe ko kwabo ba.

In kuwa sai an sayi magani, a tambayi malamin gona na KNARDA tukuna. A yi feshin da yamma lis ko da asuba, a saita bakin famfo cikin zuciyar, a rufe hanci da baki. Don Allah kada a gauraya magunguna.

Abu na ƙarshe, a wajen Bichi, Dambatta da Minjibir gona na jikin gona ne. Wanda ya yi shuka a makare, masararsa ce mai ɗanyen ganye lokacin da ta maƙwabta ta ƙosa, sai tsutsar ta tattaru a kanta. Gara 'yan unguwa su yi shawara su shuka tare da saukar damina.