Abincin Tsoho Bayan Karayar Kwatangwalo

Bahaushe yakan ce "ta karye a ƙugu", amma a mafi yawan lokaci abin da ya karye shi ne wuyan ƙashin cinya, wato inda yake shiga cikin kwatangwalo. Tsofaffi ne wannan karaya ta fi samu, musamman mata, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yakan zaizaye, har santsin banɗaki kawai ya isa ya karya shi.

Irin wannan karaya ba ta ɗoruwa da karan ɗori, saboda wurin yana can cikin tsoka, kuma jijiyoyin da ke kai masa jini kan yanke. Shi ya sa likitoci ke son a yi tiyata cikin awa 48. A Keffi akwai Asibitin Tarayya, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

To, an yi aiki an dawo gida, me za a ba tsohuwa? A nan ne ake yawan kuskure. A al'adarmu abincin majinyaci shi ne kunu ko koko, safe da yamma. Kunu yana da daɗin haɗiya, amma kusan duk sitaci ne, ga shi kuwa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙashi da tsoka furotin suke nema. Masana sun ƙiyasta cewa tsoho mai jinya yana buƙatar giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Ke nan mai kilo 60 tana neman aƙalla giram 72. Ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba, kofin dafaffen wake kuwa wajen giram 13. Mai karatu ya auna, kofi nawa na koko zai cike wannan giɓi?

Abin daɗin shi ne, ba sai an nemi abincin kanti ba. Wake da awara da gyaɗa da kindirmo duk suna kasuwar Keffi, haka ma riɗi, wanda Jihar Nasarawa ta yi suna wajen nomansa. Kuka da zogale da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu suna ba da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Jiki ba ya tsotsar kalsiyam sosai sai da bitamin D, don haka a riƙa fito da ita hantsi maimakon kulle ta a ɗaki.

Tsufa kan rage marmarin abinci, haƙora kuma sun zube. Sai a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a dama kunun da gyaɗa ko madara, a daka nama a cikin miya. Wadda ba ta ƙoshi ba ba ta da ƙarfin miƙewa, doguwar kwanciya kuma ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Mai ciwon ƙoda dai sai ta ji daga likita kafin a ƙara mata furotin.