Hawa da Saukowa: Jigon Mi'iraji Daga Farisa Zuwa Zawiyoyin Ƙasar Hausa

Sufaye sun ɗauki Mi'irajin Annabi (SAW) a matsayin madubin tafiyar ruhi zuwa ga Allah. A Manɗiƙuɗ Ɗairi na Fariduddin Aɗɗar, mawaƙin Farisa na ƙarni na 12, tsuntsaye sun ƙetare kwaruruka 7 neman sarkinsu Simurg. Talatin kaɗai suka isa, suka ga surarsu a cikinsa, domin “si murg” na nufin tsuntsaye talatin.

Jigon bai iso zawiyoyin Tijjaniyya na Kano da Kazaure ta Farisanci ba, sai ta littattafan Larabci da tarbiyyar Shehu Ibrahim Inyas (1900–1975), inda muridi kan kai fana'i, sannan ya komo baƙa'i cikin jama'a. Manazarcin da ya tsaya kan hawa kaɗai ya bar rabin jigon, domin shi kansa Mi'iraji da saukowa da salloli 5 ya cika.