GARGAƊI: A Cire Karan Da Aka Tokare Kwantakta Da Shi

Zuwa ga masu injin niƙa da na casar shinkafa, masu gidajen ruwan leda da burtsatse, da yaran da ke wuni a kan injinan.

Wata muguwar ɗabi'a ta yawaita. Kwantakta ta ƙi kamawa ko ta riƙa saki, sai a samo guntun kara ko katako a danne ta a tokare, aiki ya ci gaba. Duk wanda ya yi haka, ya kashe wuta daga babban bireka ya zare karan yau ɗin nan.

Kwantakta makunni ce da maganaɗisu ke ja. In ka danna koren maɓalli, wuta ta shiga koyil ɗinta, sai ta haɗa moto da layuka ukun nan masu bolt 415. Da an ɗauke wuta sai ta saki, ba ta kuma kamawa sai mutum ya sake dannawa da hannunsa. Wannan kariyar ce karan yake kashewa. NEPA ta ɗauke, yaro ya zura hannu yana gyara bel ko yana kwashe dusa, NEPA ta dawo, inji ya tashi da hannunsa a ciki. Ko an danna jan maɓalli ba zai tsaya ba.

Obalod ɗin da ke ƙarƙashinta ma ya tashi daga aiki, domin wutar koyil yake yankewa ya tsayar da moto, ita kuwa wadda aka tokare ba ruwanta da koyil. Layi ɗaya ya faɗi, moto ya yi ta gurnani a kan biyu har ya ƙone. In an yi sa'a a tsaya a kuɗin mai rewayin, in ba a yi ba sai gobara.

Don haka:

1. In kwantakta ta riƙa karkarwa kamar haƙoran mai jin sanyi, galibi wuta ce ta yi ƙasa. A kashe a jira.
2. In aka ji ƙauri ko aka ga ta yi baƙi, a sauya ta. Bakinta kan narke ya manne, wuta ta ci gaba da wucewa alhali an kashe.
3. Kada a taɓa waya ko bel sai an sauke bireka, an gwada an tabbatar babu wuta.
4. Wajen saye, a duba amfiyar da aka rubuta a gaban AC-3, ita ce ta moto. Lokacin tashi moto kan ja wuta kusan ninki 6 na abin da yake ci yana gudu, ƙaramar kwantakta ba ta jurewa.
5. A saita obalod daidai da amfiyar da ke jikin farantin moto. In ya yanke, a nemi dalili, kada a tsallake shi da waya.
6. A kira ma'aikacin lantarki mai takardar shaidar hukumar NEMSA.

Maigida, kai ne ka hana sayen sabuwa, amma hannun yaronka ne a cikin inji. Wanda ya karanta ya faɗa wa maƙwabcinsa na rumfa kafin a kawo wuta.