Iskar Farkon Damina da Rufin Makarantunmu

Duk wanda ya girma a Sheme, ko wani gari na ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, ya san yadda damina ke sallama. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, bayan zafin bazara ya kai matuƙa, sai a ga gabas ta yi baƙi ƙirin da la'asar. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa, iska ce ke fara isowa da jar ƙura. Ita ce ke yaye kwanon ajujuwa, ta tuge itatuwa, ta yi gaba da jinkar rumbu.

Abin mamaki, danginta ne ke addabar mutanen Amurka. Cikin hadarin da ke ratsa ƙasashenmu daga gabas zuwa yamma, wani yakan wuce Senegal ya faɗa Tekun Atlantika, ya sha ɗumin ruwan teku, ya riƙa ya zama mahaukaciyar guguwa mai gudun kilomita 119 a sa'a ko fiye. Guguwar Hugo ta 1989 da Irma ta 2017 duk daga gaɓar Afirka ta Yamma suka taso. Can an san lokacinta, watau daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma akan hango tahowarta da kwanaki, har a rufe makarantu, a toshe tagogi da katako. Tamu ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma fa ba ta ba da sarari. Tsakanin haɗuwar hadari da isowar iska, da ƙyar yaro zai kai awaki turke. Saboda haka tilas a gama shirinta tun da rani.

To, ta yaya iska ke ɗauke rufi? Mutane da yawa suna zaton tura shi take yi. A'a, ɗaga shi take yi. In ta bi ta bisa kwano da gudu sai ta ja shi sama, in kuwa ta sami taga a buɗe ko ƙyaure a karye, sai ta cika ɗakin ta tunkuɗo shi daga ƙasa. Ginin ajujuwa ga shi dogo, ga tagogi a jere, ga shi a fili ba gidan da ya kare shi. Shi ya sa makaranta kan riga gidajen gari rasa rufi.

Wurin da ya fi rauni shi ne inda katako ya haɗu da bango. Rufin da aka ɗora kawai, ba a ɗaure shi da ƙarfe ko waya a jikin gini ba, hula ce a kan mai gudu. Nan ya kamata shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su fara dubawa tun watan Maris. A kira kafinta ya hau, ya canja katakon da gara ta ci, ya sake ƙusoshin da suka yi kwance, ya gyara sakatar tagogi. Jibga duwatsu bisa kwano, kamar yadda wasu ke yi, dabara ce ta mai ƙaramin hali, kuma in iska ta fi ƙarfinsu a kan mutane za su sauko. Ku tuna kuma a daidai wannan lokaci ne 'yan ajin ƙarshe ke zaman jarrabawar WAEC, kuma ba a rubutu a ɗakin da ba rufi.

A gida ma haka. Mai soro ya yi yaɓe, ya share indararo. Mai rumbu ya sake ɗaurin jinka da sabuwar igiya. Darbejiya tana rage ƙarfin iska in an jera ta ta gabas, nesa kaɗan da gini, amma reshen da ya leƙo bisa ɗaki a sare shi. Hukumar NiMet takan ba da hasashen faɗuwar damina a farkon kowace shekara, a saurara a rediyo.

Saura ranar da hadari ya riski yara a makaranta. Malami kada ya sallame su da gudu don su riga ruwa isa gida. A kulle tagogi, a matsa nesa da su, a zauna har iska ta wuce. Wanda ta kama a hanya kada ya fake gindin doguwar itaciya saboda aradu, kuma in ya tarar rafi ya kawo, ya jira a gaɓa har ruwa ya janye.