Tsami Da Kanwa: Lissafin Da Zai Iya Ceton Ran Yaro

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta faɗo shagon maganin da nake aiki a Fatakwal, saɓe da yaro ɗan shekara uku, leɓensa ya kumbura, yawu na dalala. Sana'arta haɗa sabulun ruwa. Ta jiƙa soda a gorar ruwan sha ta ajiye a bayan ƙofa, yaron ya dawo daga wasa da ƙishirwa ya kurɓa. Kafin ta iso, wata maƙwabciya ta ɗura masa manja, wata ta matsa masa lemun tsami, wata kuma ta sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Da zuciya ɗaya suka yi, amma babu wadda ta taimake shi. Ban ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, mota na tare musu zuwa asibiti. Yaron ya rayu, sai dai ya daɗe yana jinya.

A unguwannin da Hausawa suke zaune, daga Diobu a Fatakwal zuwa Fegge a Anacha da Gariki a Inugu, mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da wannan sana'a, kuma sayen soda a kasuwa bai fi sayen gishiri wuya ba. Shi ya sa yau za mu koma aji, mu ɗauko darasin da 'ya'yanku suke haddacewa don jarrabawa, mu ga amfaninsa a tsakar gida.

Gida biyu

Masana kimiyya sun kasa irin waɗannan sinadarai gida biyu. Na farko shi ne asid, wato dangin tsami: lemun tsami, tsamiya, nono, ruwan batir, da ruwan da cikinmu yake narka abinci da shi. Na biyu suna ce masa alkali, ba alƙalin kotu ba. Kalmar daga Larabci ta fito, asalinta tokar tsirrai. Dangin kanwa ke nan: ruwan toka, sabulu, bilic da soda. Alamarsu santsi a hannu.

Uwargida ta daɗe da sanin aikinsu tun kafin ta ji sunansu. Takan jefa kanwa a wake don ya yi saurin nuna, ta sa a miyar kuɓewa don yauƙi. Maƙwabtanmu Ibo ma da ita suke aiki, akanwu suke ce mata. Idan masu sayar da abacha, abincin rogon nan na Inugu, suka zuba ruwan kanwa a manja, sai ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa. Wannan haɗi suna kiransa ncha, wato sabulu da harshensu, kuma sun yi daidai: alkali da mai in suka haɗu, hanyar sabulu suka kama.

Ku gwada da yara. Ku zuba zoɓo marar sukari a kofi biyu. Ku matsa lemun tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske. Ku ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, zai yi duhu ya koma kore-kore.

Ma'aunin pH

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana tsakiya, a kan 7. Abin da ke ƙasa da 7 asid ne, wanda ke sama alkali ne. Ruwan ciki yana tsakanin 1.5 da 3.5, lemun tsami wajen 2, fatar jikinmu wajen 5, jini 7.35 zuwa 7.45. Ƙa'idar ruwan sha a Najeriya ita ce 6.5 zuwa 8.5. Ruwan batir yana ƙasa da 1, jiƙaƙƙiyar soda kuma tana can ƙarshe, 14.

Ga inda mutane suke kuskure. Tsakanin lamba da lamba ba taki ɗaya ba ne, ninki goma ne. Abin da ke kan 3 ya ninka na kan 4 tsami sau 10, ya ninka na kan 5 sau 100.

Ɗalibai, ga yadda lissafin yake. Abin da ake aunawa shi ne yawan ƙwayoyin haidurojin masu caji, H+, a cikin lita ɗaya, kuma dokar ita ce pH = −log[H+]. Kada kalmar log ta tsorata ku. Idan adadin ya zo a siffar 0.01 ko 0.001, ku ƙirga gurabe nawa ne bayan ɗigo: 0.01 gurbi biyu, pH 2, 0.001 gurbi uku, pH 3. Idan alkali mai ƙarfi ne, ku yi wannan ƙirga, sannan ku cire amsar daga 14. Soda mai ƙarfin mol 0.01 a lita ta ba da 2, a cire daga 14, pH ɗinta 12.

Yanzu mu koma kan gorar nan. Giram 40 na soda a lita ɗaya na ruwa ya isa ya kai pH 14, kuma masu sabulu sukan jiƙa fiye da haka. Idan kuka ɗebi ƙaramin cokali ɗaya, mililita 5, kuka zuba a lita 5 na ruwa, kun ninka shi sau dubu, amma daga 14 zuwa 11 kawai ya sauko. Har yanzu ba abin sha ba ne, ba abin shiga ido ba ne.

Idan tsautsayi ya faru

Soda ta fi asid yaudara. Ruwanta fari tas yake, ba wari. Tana narka nama tana nitsewa ciki, kuma makonni bayan haka bututun abinci yana iya tsukewa har yaro ya kasa haɗiye ko da kunu. Saboda haka:

Kada a sa shi amai. Abin da ya ƙone hanya a shiga zai sake ƙone ta a fita.

Kada a ba shi lemun tsami ko tsamiya da sunan kashe kaifin sodar. Gaskiya ne asid da alkali suna kashe juna, amma haɗuwarsu zafi take fitarwa, a kan naman da ya riga ya ji rauni.

Kada a ɗura manja. Yana iya jawo amai, ko ya sarƙe yaron ya faɗa huhu.

A kurkure bakin da ruwa, a cire rigar da ta jiƙe, a tafi asibiti nan take tare da gorar, ko da yaron ya yi shiru, ko da ba a ga rauni a baki ba. Idan a fata ko ido ne, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. Lissafin cokalin nan ya nuna muku dalilin da wankin gaggawa ba ya isa.

Kanwa da ƙwannafi

Masu jiƙa kanwa su sha idan ƙwannafi ya taso, sauƙin da suke ji na gaske ne, domin tana kashe tsamin ciki. Amma kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai hawan jini, mai ciki, mai jego da mai ciwon ƙoda su yi hattara. Farin maganin ƙwannafi na kemis ya fi aminci, sai dai yana hana wasu magunguna irin su ciprofloxacin da tetracycline shiga jini, don haka a sha su aƙalla awa biyu kafin a sha shi. Ƙwannafin da ya ƙi tafiya kuwa, na likita ne.

Haka nan a banɗaki, kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid don wai ya fi fita. Iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe numfashi.

Uwargida, ba cewa nake ki bar sana'arki ba. Ki daina zuba soda a gorar ruwa ko ta lemo. Ki samo jarka mai murfi, ki rubuta a jikinta, ki ajiye inda hannun yaro ba ya kai, ki yi haɗinki lokacin da suke makaranta, da safar hannu. Maigida mai gyaran batir, kai ma haka. Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.