Haɗa Kwamfutar Tebur ta Farko a Zuru: Zaɓen Sassa da Ƙaramin Jari

Kwamfutar tebur tana da manyan sassa shida da ake iya saye ɗaiɗai a haɗa: furosesa, madabod, RAM, ma'adana, akwatin wuta da kwango. A kansu ne ake ƙara allon kallo, kibod da linzami. Haɗa su ba ya bukatar walda ko ilimin injiniya, sukudireba ɗaya da natsuwa sun wadatar. Inda aikin yake shi ne wajen zaɓe, domin kowane sashe sai ya dace da ɗan'uwansa, kuma dukkansu sai sun dace da wutar garin da aljihun mai saye.

A Zuru wannan zaɓe yana da nauyi na musamman. Garin yana kudancin Jihar Kebbi, nesa da manyan kasuwannin kayan kwamfuta irin su titin Beirut a Kano, Banex Plaza a Abuja da Computer Village a Ikeja ta Legas. Wanda ya yi kuskuren sashe a Kano zai iya komawa shago kafin la'asar. A Zuru kuwa kuskuren kuɗin mota ne, da jiran direba a tasha, da kwanaki na zaman banza. Saboda haka lissafin takarda yana gaba da fitar da kuɗi.

Aikin da za ta yi

Tambayar farko ita ce abin da kwamfutar za ta yi. Ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru mai rubuta aikin bincike, da mai shagon buga takardu da cike fom a intanet, da ɗan sakandare mai gwajin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, duk bukatarsu matsakaiciya ce. Mai tace bidiyon bukukuwan aure ko na bikin Uhola, da mai zanen fosta da kalanda, su ne ke bukatar ƙarin ƙarfi. Sanin wannan tun farko yana hana kashe rabin jari a kan abin da ba za a taɓa amfani da shi ba.

Furosesa da madabod

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, kuma kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwarta a kwamfutar tebur: Intel da AMD. Ga mai ƙaramin jari, mafi alheri ita ce furosesa mai sashen nuna hoto a cikinta, domin tana ɗauke masa sayen katin hoto, wanda sau da yawa shi ne sashe mafi tsada. Misalai biyu sanannu su ne Ryzen 5 5600G ta AMD, mai cibiya shida, da Core i3-12100 ta Intel, mai cibiya huɗu. Harafin ƙarshen suna yana da ma'ana. A wajen Intel, F na nufin babu sashen hoto, don haka wanda ya sayi i3-12100F ba tare da katin hoto ba zai kunna na'ura allo ya tsaya baƙi. A jerin Ryzen 5000 kuwa masu harafin G ne ke da shi.

Madabod shi ne faifan da kowane sashe ke hawa, kuma kowace furosesa da irin mazauninta. Ryzen 5 5600G tana zama a mazaunin AM4, a kan madabod irin A520, B450 ko B550. Core i3-12100 tana zama a LGA1700, kuma H610 ne mai sauƙin kuɗi a jerinta. Ba a musanya su, domin ko ramin ba ɗaya ba ne. Tsohon B450 kan bukaci a sabunta BIOS ɗinsa, wato ƙaramar manhajar da ke cikinsa, kafin ya gane Ryzen 5000, kuma ya fi kyau mai sayarwa ya yi wannan kafin ya aiko da kaya.

Shekarun furosesa ma abin dubawa ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman tsarin tsaro na TPM 2.0 da furosesa daga zubi na takwas na Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama. Tsohuwar Core i7 ta zubi na uku ko na huɗu tana da suna mai daɗin ji da farashi mai jan hankali, amma ta faɗo ƙasa da wannan sharaɗi. Wanda ya riga ya mallaki irinta zai iya ɗora mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne.

RAM da ma'adana

RAM tana riƙe abin da ake aiki a kansa a lokacin. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi aiki ba tare da jan ƙafa ba, 16 kuma ya fi kwanciyar hankali, musamman ga mai tace hoto. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin biyun suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, kuma furosesa mai sashen hoto tana cin moriyar hakan sosai tunda daga RAM take aron wurin aiki. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. AM4 DDR4 kawai yake karɓa, madabod na LGA1700 kuwa akwai mai wannan akwai mai wancan, sai an karanta jikin kwali.

A ɓangaren ma'adana, SSD ta sha gaban tsohon faifai mai juyawa. Tsohon faifan yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD ta SATA kusan 500, ta NVMe kuma tana iya haura 3,000. Ban da sauri, SSD ba ta da abin da ke motsi a ciki, don haka ta fi jure girgizar hanya. Gigabait 256 zai ɗauki babbar manhaja da takardu, 512 ya fi dacewa idan da hali. Mai tara bidiyo zai iya ƙara babban faifai daga baya.

Akwatin wuta da wutar gari

A nan ne masu farawa suka fi yin tsimin da ke zame musu asara. Akwatin wuta shi ke juya wutar soket mai bolt 230 zuwa ƙananan bolt da sassa ke sha, kuma idan ya ƙone yakan tafi da madabod. Araha ba ta ado. Na'ura marar katin hoto ba kasafai take wuce wat 150 ba har da allonta, don haka akwati mai wat 450 na sanannen kamfani ya ishe ta da rara. Tambarin 80 Plus na nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga sassa. Akwati marar suna, marar nauyi a hannu, mai rubutun wat 700 a jiki, abin gudu ne.

Zuru, kamar sauran Jihar Kebbi, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta abu ne da kowane gida ya sani. Kwamfutar tebur ba ta da batir, wuta na ɗaukewa take mutuwa da aikin da ba a adana ba. Saboda haka kuɗin UPS, na'urar da ke ci gaba da ba da wuta daga batir idan an ɗauke, na cikin kasafin farko. Ƙarama mai VA 650 tana ba da 'yan mintoci na adana aiki da kashewa ko tayar da janareta, mai daidaita ƙarfin wuta a ciki kuma ta fi. Ga mai sola da inbata, ƙarancin cin wutar furosesa mai sashen hoto riba ce ta kullum, domin katin hoto shi kaɗai yana iya ninka abin da na'urar ke ja. Da damina, idan hadari ya haɗu ana tsawa, cire filogi daga bango ya fi kowace kariya.

Kwango, zafi da ƙura

Kwango mai gilashi da fitilu masu launi ba ya ƙara wa na'ura sauri. Abin nema shi ne girman da ya dace da madabod, ramukan shan iska a gaba, fanka aƙalla ɗaya a baya, da raga mai tare ƙura. Zafin bazara a watannin Maris da Afrilu yana sa furosesa ta rage gudu don kare kanta, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Ɗora kwangon a kan tebur maimakon ƙasa, da hure shi lokaci zuwa lokaci, suna ƙara masa kwana. Busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarki a jikin mutum, don haka mai haɗawa yakan taɓa ƙarfen kwango kafin ya ɗauki RAM ko furosesa.

Sabo ko na hannu

Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kayan kwamfuta suna bin dala, kuma farashin wannan mako ba lallai ya kai na gaba ba. Wannan ya sa kayan hannu suka zama mafita, amma ba kowane sashe ba. Furosesa, RAM, kwango da allon kallo suna daɗewa, ana iya sayensu na hannu bayan gwaji. Akwatin wuta da SSD sun fi kyau sababbi, domin tsufansu ba ya nunawa a ido. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex suna da araha, kuma ƙara musu RAM da SSD hanya ce mai kyau ga wanda jarinsa ya gaza, sai dai da yawansu suna da akwatin wuta da madabod na musamman da ba sa karɓar na kasuwa.

Mai saye daga nesa zai rubuta cikakkiyar lambar kowane sashe, ya nemi furosesa, madabod da RAM daga hannun mutum ɗaya, ya sa a haɗa su a kunna a turo masa bidiyo kafin a ba direba. Rasit mai ɗauke da lambar kaya da kwanakin garanti shi ne hujjarsa idan wani abu ya ƙi tashi. Idan kuɗi bai kai ba, ana iya farawa da RAM mai gigabait 8 da ƙaramar SSD, a bar ramin RAM na biyu da na katin hoto a buɗe har lokacin da hali ya samu.